"Baba na mutuwa ku kuna ta ado?"

Jama'a assalamu alaikum. Ni nas ce, ina aiki a ɗakin imajensi nan cikin garin Kaduna, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da ita kowa ya ji.

Wani dare lokacin bazara, zafi kamar me ga NEPA sun ɗauke wuta muna kan janareto, aka shigo mana da wani dattijo a keke, yaransa biyu sun ciccibo shi, rigarsa sharkaf saboda ruwan da aka yi ta kwara masa a gida wai ko zai farfaɗo. Na taɓa wuyansa, shiru. Ƙaramin ya ce ai kusan sati guda Baba na zazzaɓi, an sha maganin maleriya bai ji ba, jiya ma har da jini a amansa. Ina jin haka na yi zargin zazzaɓin Lassa ne, na ce kowa ya saka kayan kariya. Babban ɗan ya ga muna zura riga muna ɗaura takunkumi, kawai sai ya daki tebur ya ce, "Haba Sista! Baba na mutuwa ku kuna ta ado?"

Ban tanka ba, babu lokacin. Kuma wallahi ban ga laifinsa ba, da mahaifina ne a kwance a wurin ƙila in faɗi wadda ta fi wannan.

To bari in faɗi gaskiya tukunna, don ba zan yi muku ƙarya ba, kayan kariyar nan suna taɓa aikinmu. In zuciya ta tsaya, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa. Abin da ke riƙe mutum shi ne danna ƙirji, wanda muke ce wa CPR, ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji ka danna ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa sai an ba da iska, danna 30 iska 2. Ko da rigar shan iska ka yi wannan na minti biyu sai ka ji a jikinka. Yanzu ka ƙaddara ka yi shi cikin rigar roba tun daga wuya har ƙafa, safar hannu ninki biyu, takunkumin N95 ya matse maka hanci, ga tabarau ga takalmin roba, a zafin Kaduna na watan Maris ko Afrilu da fanka ma iskar zafi take busowa.

Abin da ke fara ba ka matsala tabarau ne. Numfashinka ya hau ya yi masa hazo, kana kallon na'ura kamar kana kallon hanyar Zariya da asubar hunturu. Zufa na shiga ido ba damar gogewa, don hannun nan ya riga ya taɓa mara lafiya. Ka zo neman jijiya ka sa kanula a ba shi adirinalin, allurar da ke taimakawa wajen tayar da zuciya, yatsanka ba ya jin komai ta cikin roba biyu, jijiyar wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa dama ta riga ta kwanta. Sai magana, likita ya ce a ba da kaza ka ji kamar daga cikin rijiya yake kira, kowa ya zama iri ɗaya ba ka san waye Malam wane waye Sista wance ba sai ka kalli tsayi. Kuma da kake sama da ƙasa kana dannawa takunkumin kan zame ya buɗe ta gefen hanci, kai kana ganin a rufe kake alhali iska na shiga.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gajiya, don ita ba ta sallama. Kana ji a ranka har yanzu kana dannawa da ƙarfi, na gefenka kuwa yana ganin hannunka ya fara shafa ƙirjin ne kawai. Ƙungiyar ILCOR, masu tattara binciken farfaɗo da zuciya na duniya, sun duba wannan batu a 2023 bayan korona, abin da suka gani shi ne galibi ingancin dannawar bai faɗi wani sosai ba saboda kayan, amma masu dannawar sun fi jin gajiya, shi ya sa suka ce a riƙa sa ido a kan gajiyar wanda ke cikin kayan kariya. Ni dai jikina ya gaya min haka tun kafin su rubuta.

To tunda haka ne me ya sa ba za mu yar da kayan mu afka ba? Mutanen Kaduna ba sai an ba ku labari daga nesa ba. A watan Fabrairu na 2024 zazzaɓin Lassa ya kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 nan cikin gari. Kafin nan a 2014 Ebola ta tafi da Dakta Stella Adadevoh a Legas, matar da ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, fita daga asibiti ya yaɗa ta. Daga mutum zuwa mutum, Lassa ta jini da amai da fitsari da sauran ruwan jiki take yaɗuwa, kuma babu lokacin da ruwan jiki ke fantsama kamar lokacin farfaɗowa, kana danna ƙirji amai na tasowa, ana zura bututu a maƙogwaro fuskar likita na dab da bakin mara lafiya. Nas ɗaya ta kamu, ta koma gida ga goyo ga miji, washegari ta dawo ta taɓa marasa lafiya ashirin, waɗanda suka yi aiki da ita kuma a killace su, wodin ya zama ba kowa. Wanda za a kawo gobe wa zai danna masa ƙirji?

Kuma ku sani ba kowa muke saka wa cikakkun kayan nan ba. Mutumin da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, mai hawan jini ne ba zazzaɓi ba komai, safar hannu da takunkumi na sakan kaɗan ne mun hau aiki. Bayanin da kuka ba mu a bakin ƙofa shi ke yanke hukunci, don Allah ku daina ɓoye mana. Na sha ganin an ce "yanzu-yanzu ya faɗi" sai daga baya a ji kwana goma yana kwance ana kawo masa mai allura gida.

'Yan uwana ma'aikata, mu ma da namu. Rabin jinkirin nan ba saka kayan ba ne, nemansu ne, makullin sito na hannun wanda ya tafi salla, ko a ɗauko riga a tarar ba saiz ɗinka ba. A ɗaure su saiti-saiti a ajiye kusa da tiroli na gaggawa, duk mai karɓar duti ya duba. Wanda ya fara gama shiri ya shiga ya fara dannawa, kar a tsaya jiran juna. Ƙa'ida ita ce a canji mai dannawa duk minti 2, amma in ka ga kafaɗar ɗan uwanka ta fara saki karɓe shi tun kafin lokacin, ba abin kunya ba ne. A rubuta suna da maka a gaban riga. In an ba ka umarni ka maimaita shi da ƙarfi a ji. Sannan atisaye, mu riƙa yinsa cikin kayan a kan mutum-mutumin roba, ba sai ranar da aka kawo mutum na gaske ne za ka fara sanin yadda tabarau ke hazo ba. Wajen cirewa kuma a natsu, nan ne aka fi kwasar cuta, ka gaji kana so ka sha iska sai ka fizge takunkumi da hannu mai datti.

Mu koma kan Baba. Saka kayanmu bai wuce 'yan mintoci ba. Da na tambayi ƙaramin daga baya, daga lokacin da numfashinsa ya tsaya a gida zuwa isowarsu an haura rabin awa, an yi fifita, an zuba ruwa, an jira maƙwabci mai mota bai zo ba sannan aka fita titi neman keke. A duk tsawon lokacin nan babu wanda ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ba don rashin so ba, ba wanda ya taɓa koya musu. Wannan rabin awar ce take hana ni barci.

Shi ya sa nake cewa, in babba ya faɗi a gabanka, ka girgiza shi ka kira sunansa bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari, wannan ba numfashi ba ne. Sauko da shi daga katifa zuwa ƙasa mai tauri, sa wani ya kira lambar gaggawa 112 ko ya nemo mota, kai kuma ka durƙusa ka miƙe gwiwar hannu ka yi ta danna tsakiyar ƙirji da sauri da ƙarfi, ba sai ka hura masa iska a baki ba. Kar a ɗura masa ruwa ko madara. In mace ce ma haka, lalura ce, a kan rigarta za a danna. In kuwa dama zazzaɓi yake yi da aman jini, kar ka taɓa da hannu tsirara, sa safar hannu ko ka zura hannunka cikin leda, ka yafa masa ƙyalle a baki, bayan nan ka wanke hannu da sabulu sosai.

Baba dai bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Mun yi ta karɓa-karɓa har likita ya ce a tsaya, da na cire takalmina zufa ce ta zubo kamar na taka kwata. Yaran nan biyu da mai keken aka rubuta sunayensu, kwana 21 ana bibiyar zafin jikinsu safe da yamma. Mu da muka shiga cikin kaya ma an rubuta namu, nima sai da na cika kwanakin ina auna kaina kafin hankalina ya kwanta da 'yata ta hau jikina.