Nazarin Tasirin Muhalli Kafin Tsabtace Gurɓataccen Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Nazarin tasirin muhalli bincike ne da hukuma ke buƙata kafin ta ba da izinin wani babban aiki, don a san abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen da ke zaune kusa. Idan aikin na tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da wata masana'anta ta gurɓata, nazarin yana duba ɓarnar da aka riga aka yi, yana kuma duba wadda gyaran kansa zai iya jawowa, don kada garin neman gira a rasa ido. Zuƙo ruwa da yawa yana iya ƙafar da rijiyoyin maƙwabta, ko ya janyo gubar zuwa inda da ba ta kai ba.

Tarihi

Amurka ce ta fara mayar da wannan nazari doka, lokacin da shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar muhalli ta ƙasa ranar 1 ga Janairu 1970. Faransa ta bi sahu da dokar kare halittu ta 10 ga Yuli 1976, kuma tsarinta ya yi tasiri a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Sai dai waɗannan dokoki sun fi kallon aikin da za a fara, ba wanda aka gama aka bar guba a baya ba.

Abin da ya sauya tunani shi ne masifar unguwar Love Canal da ke garin Nayagara na Amurka. Tsakanin 1942 da 1953 kamfanin Hooker Chemical ya binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai a wani tsohon magudani, ya rufe da ƙasa, sannan ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya tak. Aka gina makaranta, aka kewaye ta da gidaje. Bayan shekara ashirin da ɗoriya ruwan sama ya tayar da abin da aka binne, ya riƙa tsatsowa cikin ɗakunan ƙasa na gidaje. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, kuma a 1980 majalisa ta kafa asusun musamman na share irin waɗannan wurare, tare da ikon bin wanda ya yi ɓarnar ya biya. Taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Riyo ta Brazil a 1992 ya sanya ƙa'idojin biyu a sanarwarsa: a yi nazari kafin aiki, kuma wanda ya gurɓata shi ke ɗaukar nauyin gyara.

A Afirka ta Yamma misalin da aka fi ambata shi ne ƙasar Ogoni ta Najeriya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin, wanda ake samu cikin man fetur, a rijiyoyin garin Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30.

Doka a Nijar

Nijar ta kafa wajabcin nazarin da wata doka ta Janairun 1997, ta ƙarfafa shi cikin babbar dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Dokar 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ce ke aiki yanzu, kuma ofishin ƙasa na tantance muhalli, BNEE, da ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ne ke duba rahotanni. Ana karkasa ayyuka gwargwadon haɗarinsu, mai aikin ya ɗauki masu nazari da kuɗinsa, a saurari jama'ar wurin, sannan minista ya ba da takardar amincewa. Masana'antar da ta riga ta kafu binciken bin diddigi ake yi mata.

Abin da ake aunawa

Ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, a auna zurfin ruwa a kowace, don a gane inda yake gangarawa. Guba tana tafiya ne a hankali tare da ruwan, kamar hayaƙi a bayan iska, wani lokaci 'yan mitoci kaɗai a shekara. Man fetur da gas suna tasowa saman ruwan. Wasu sinadaran wanke ƙarfe kuwa sun fi ruwa nauyi, sai su nutse su kwanta a kan laka, su yi ta narkewa shekara da shekaru. Su ne suka fi wuyar cirewa. Ana gwada sakamakon da ma'aunin ruwan sha: kuromiyam miligiram 0.05 a lita, nitirat 50, fuloraid 1.5.

Hanyoyin gyara

Tsohuwar hanya ita ce a zuƙo ruwan a tace shi da gawayi na musamman ko a kaɗa masa iska. Tana da tsada, tana ɗaukar shekaru, kuma dole rahoton ya faɗi inda za a zuba ruwan da aka tace da inda za a kai dattin da aka tsame. Akwai katangar garin ƙarfe da ake binnewa a kan hanyar ruwan don ta rage gubar yayin da yake ratsa ta, wadda aka fara gwadawa a Kanada wajen farkon shekarun 1990. Akwai ciyar da ƙwayoyin halittar ƙasa su cinye man, akwai kuma barin wurin ana sa masa ido kawai.

A Maraɗi

Garin yana kan tudu ne tun bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohuwar Maraɗi, amma rayuwarsa na fadamar Gulbi. Ruwan fadamar yana kusa, yashi ne a samansa, masu lambu na kaiwa gare shi da gajerun rijiyoyi. Abin da aka zubar a sama ba ya jimawa bai isa ƙasa ba. Fatar jar akuyar Maraɗi ta sa jima ta daɗe a garin. Majema na gargajiya da bagaruwa suke aiki, jimar zamani kuwa da gishirin kuromiyam, wanda shi ne abin da masu nazari ke fara nema a kusa da kowace majema, kamar yadda aka gani a Challawa da Sharaɗa na Kano. Bayan shi sai tankunan gidajen mai da baƙin man gareji.

Abin da ya faru a Tibiri, 'yan kilomitoci daga Maraɗi, ba na masana'anta ba ne, amma shi mutanen jihar ke tunawa idan an ce ruwa ya cuci mutane. Wata rijiyar burtsatse da aka fara sha wajen tsakiyar shekarun 1980 tana da fuloraid fiye da kima, daga duwatsun ƙasa ya fito, ya ɓata haƙoran yara masu yawa ya lanƙwasa musu ƙashi kafin maganar ta fito fili wajen shekarar 2000. Ruwan garau yake, ba wari ba launi.

Saɓani

Ba a daidaita kan iyakar tsabtar da za a nema ba: wasu na cewa sai ruwan ya shawu, wasu na cewa ya isa a hana gubar yaɗuwa. Ana kuma sukar yadda mai aikin ne ke biyan masu nazarinsa. Batun ruwan Arlit, inda ake haƙar yuraniyam, ƙungiyoyin farar hula da kamfanonin haƙar kowa da alƙalumansa.