Saƙo ɗaya, amsa daban-daban: me ke faruwa a ƙwayoyin jiki?

Wane saƙo ake magana a kai?

Idan cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin garkuwa kan saki wasu furotin masu aikin shela, irin su TNF da intaferon. Shi intaferon, masana Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. Sai dai ko ƙwayoyin jiki iri ɗaya ne suka samu wannan saƙo, ba amsa ɗaya suke bayarwa ba.

Tunda ƙwayoyin iri ɗaya ne, daga ina bambancin ya fito?

Gadonsu ɗaya ne, amma abin da kowacce ke riƙe da shi a wannan sa'a ba ɗaya ba ne. Ƙwayar halitta ba ta ƙera furotin a kai a kai. Takan yi da yawa lokaci guda, ta tsaya, ta sake. Sai ka tarar wata ta tara masu karɓar saƙo jingim a jikinta, maƙwabciyarta kuwa 'yan kaɗan. Wata ma tana tsakiyar shirin rabewa biyu.

Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2009 ya fito da abin fili. An zuba wa ƙwayoyin cutar kansa (ciwon daji) sinadarin TRAIL, wanda ke umartar ƙwaya ta kashe kanta. Wasu suka mutu da wuri, wasu suka ja lokaci, wasu ko gezau. Amma ƙwayoyi biyu da ba su daɗe da rabewa daga uwa ɗaya ba, kusan tare suke mutuwa. Da an ɗau lokaci, furotin ɗin kowacce ya sauya, sai kamannin ya gushe. Da a gado matsalar take, da bai gushe ba.

Idan saƙon ya yi rauni fa?

A 2010 masana a Stanford sun riƙa rage TNF a kan ƙwayoyin jikin ɓera. Yawan masu amsawa ne ya ragu. Waɗanda suka amsa, ko da sun makara, da ƙarfi suka amsa.

Wannan aibi ne?

A ganina ba duka ba. Da kowace ƙwaya za ta zabura lokaci guda, kumburi zai wuce kima ya lalata jikin da ake karewa. An ma ga yadda 'yan ƙwayoyi ƙalilan kan fara sakin intaferon, sannan su tayar da sauran.

A wajen likitan cutar kansa kuwa ciwon kai ne: magani ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, 'yan ragowar su sake yaɗuwa.