Liniya furogiramin

Liniya furogiramin hanya ce ta lissafi da ake bi don gano yadda za a kasafta jari, kaya da lokaci, a samu riba mafi yawa ko a kashe kuɗi mafi ƙanƙanta. Sharaɗinta shi ne komai ya tafi daidai wa daida: in kaya suka ninka, riba da ɗawainiya su ninka.

Tarihi

An ga ɓurɓushinta a aikin masanin lissafi Joseph Fourier na Faransa wajajen shekarun 1820, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a ƙarni na 20. A birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet (St. Petersburg ta Rasha a yau), masu masana'antar falankin katako suka kai wa masanin lissafi Leonid Kantorovich matsalar rabon aiki tsakanin injinansu, ya buga mafitar a 1939. Aikin ya daɗe bai samu karɓuwa ba a Tarayyar Sobiyet, Turawan Yamma kuma ba su san da shi ba. A 1947 George Dantzig, wanda ke aiki da rundunar sojan saman Amurka, ya fito da dabarar simfiles, wato hanyar warware irin wannan lissafi mataki-mataki har a kai ga amsa mafi kyau. A bakin sojoji "furogiram" tsarin aiki ne, sunan bai samo asali daga kwamfuta ba. A 1975 aka ba Kantorovich da Tjalling Koopmans, masanin tattalin arziki da shi ma ya yi aiki a wannan fanni, kyautar Nobel ta tattalin arziki. Ba a sa Dantzig ba, abin da masana da dama suka ga rashin dacewarsa.

Misali a ƙaramar sana'a

A ce tela mai ɗinkin sayarwa yana da yadi 100 da awa 48 a mako. Kaftani na cin yadi 5 da awa 2, ribarsa ₦3,000. Babbar riga na cin yadi 10 da awa 6, ribarta ₦7,000. In ya bi babbar riga zalla, 8 zai ɗinka lokaci ya ƙare, riba ₦56,000, ga sauran yadi 20 a ajiye. Kaftani zalla, 20 ke nan, ₦60,000. Lissafin ya nuna kaftani 12 da babbar riga 4 ne suka fi: ₦64,000, ba ragowar yadi, ba ragowar lokaci. Darajar hanyar ke nan, domin abin da ido ya ɗauka shi ne mai tsoka ba lallai ya zama shi ba.

Amfani a yau

Matatun mai da masu haɗa abincin kaji suna amfani da ita. Ƙaramin ɗan kasuwa na iya yi da Solver na manhajar Excel.

Iyaka

Lissafin yana ɗauka cewa farashi ba zai motsa ba, kuma duk abin da aka ɗinka zai shiga.