"Mai Ruwa Ce": Me Ake Nufi da Sanyaya Kwamfuta da Ruwa?

Tun da samari suka shiga harhaɗa kwamfutar tebur don buga gem da tace bidiyo, magana ɗaya ta cika tallace-tallacen Facebook da TikTok: "mai ruwa ce". Mai sayarwa zai nuna akwati mai gilashi, fitilu na ta walƙiya, tiyo biyu sun sauko kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan ya ce ai wannan ba ta san zafi ba, cikinta kamar firji. Wannan "kamar firji" ɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ruwan ba ya haifar da sanyi, aikinsa jigilar zafi kawai. Akwai farantin jan ƙarfe da ke manne da furosesa, ruwa ya bi ta kansa ya kwashi zafi, ƙaramin famfo ya tura shi zuwa lagireto mai girman milimita 240 ko 360, fankoki su busa. Wa ke ɗauke zafin a ƙarshe? Iskar ɗakinka. Saboda haka ba yadda za a yi furosesa ta fi ɗakin da take ciki sanyi. Idan kana Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, to daga nan lissafin ke farawa, ko nawa ka zuba a na'urar.

Ina zargin randa ce ta ruɗe mu. Mun taso mun ga ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi, sai muka ɗauka ruwa da kansa ne ke yin hakan. Alhali tsattsafowa yake ta jikin yumɓu yana ƙafewa, ƙafewar ce ke tafiya da zafin. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex. Ruwan kwamfuta kuwa a rufe yake ruf, babu ta inda zai fita ya ƙafe. Ranar da ya fara tsattsafowa, sai dai a yi maka jaje.

Abin dariyar ma, na'urar sanyayawar da ake rainawa ana ce mata "mai iska", ita ma da ruwanta. Ɗauki wata mai iska, Noctua NH-D15, da ta fito a 2014: bututun jan ƙarfe shida da suka ratsa faifan alminiyam ɗinta ba fanko ba ne. A cikin kowanne akwai ɗan ruwa, an zuƙe iskar ciki an toshe, don haka zafi kaɗan ke mayar da shi tururi. Tururin ya hau sama, fanka ta huce shi, ya koma ruwa ya dawo ƙasa ta jikin bututun, babu famfo, babu ƙara. To ina rabe-raben mai ruwa da mai iska? Duka biyun ruwa ke ɗauko zafi, iska ke kwashewa. Bambancin gaskiya shi ne famfo, da faɗin wurin da iska ke bugawa.

Ba na cewa mai famfo ba ta da rana. Furosesa irin Core i9-13900K ta Intel tana iya zuƙar wat 253, kuma babban lagireto na taimaka mata kada ta kai digiri 100, inda take rage gudu da kanta. Amma a ɗora shi kan furosesa mai wat 65 da ake buga takardu da ita, wannan ado ne. Kuma masu furosesar Ryzen 7000 su daina firgita in sun ga digiri 95, kamfanin AMD da ya ƙera ta ne ya tsara ta haka.

Ni dai a ƙasar ƙura da hazo na fi natsuwa da mai bututu. In fankarta ta mutu, ido zai gani, ka sayi wata da kuɗi kaɗan ka ɗaura. Famfo kuwa kan mutu shiru, fitilu na ci gaba da rawa, sai kwamfuta ta fara ɗaukewa kafin ka farga, kuma a yawancinsu dukan na'urar za ka sauya. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan lagireto kamar yadda take toshe faifan alminiyam, don haka kowacce ka saya, sai ka riƙa buɗe akwatin kana hure ta.