Waiwaye: Malamin Turanci Da Ajin Da Ya Tara Yare Da Yawa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko. Shekara uku kacal kafin nan, a 2022, majalisar zartarwa ta amince a koyar da yaro da harshensa har ya gama firamare. Cacar baki ta ɓarke a kan wane harshe ya dace. Wanda ba a cika tambaya a kansa ba shi ne mutumin da ke tsaye gaban allo: me ya sani game da yaran da ke zaune a gabansa?

Tambayar ta girmi Nijeriya mai 'yanci. A 1909 wani Baturen mulkin mallaka, Hanns Vischer, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Ya ji Hausa, ya san gaisuwa da zaman fada, har aka laƙaba masa Ɗan Hausa, kuma da Hausa aka fara karatu a makarantarsa. Sai dai manufar mulkin mallaka ce ta sa aka yi hakan, don kada a girgiza sarauta, kuma ba a yi gaggawar bai wa talaka Turanci ba. Da Kwalejin Katsina ta soma aiki a 1921, aka ba lafazin Turanci muhimmanci ƙwarai. Daga can su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito suka koyar a makarantun midil na Bauchi da Sakkwato. Waɗannan malamai sun san gidajen da ɗalibansu suka fito, domin irinsu ne. Ba su da yawa, ɗaliban ma haka.

Bayan 'yanci komai ya buɗe. Matasan Amurka 'yan sa-kai suka zo tun 1961, daga baya malamai daga Indiya da Pakistan da Gana suka cika sakandarenmu. A 1973 aka ƙirƙiro bautar ƙasa, sai ga ɗan Inugu yana koyar da Turanci a Gumel. Sannan babban ambaliya, shirin ilimin firamare kyauta na 1976: an yi hasashen yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka horar da malamai a gurguje, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar. An koya musu nahawu da tsara darasi. Yadda za a yi da aji mai yare biyar, wannan an bar wa kowa ya gano da kansa.

Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. A Arewa sai aka ɗauka ma'anarsa Hausa, shi ke nan. To amma ɗan Bura a Biu, da 'yar Tangale a Billiri, da yaron Tarok a Langtang fa? Ga wasunsu Hausa ma harshe na biyu ne, Turanci na uku, ga Larabcin allo ko Islamiyya a gefe. Mu Hausawa mun cika mantawa da wannan, kuma ina ganin ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai.

Bambancin ba a baki kawai yake ba, yana cikin kurakuran da yaro ke yi. Bahaushe ba ya shan wahalar bambanta namiji da mace a Turanci, don yana da "shi" da "ita" tun a gida. Matsalarsa tana wajen "p" da "f". Amma Bafulatani da Bayarabe da Ibo lamiri ɗaya suke da shi ga mace da namiji. A Kanuri ma kalmar "shi" ce, kuma tana nufin duka biyun. Malamin da bai san haka ba zai yi ta jan biro a littafin yarinyar Kanuri yana cewa ba ta mai da hankali, alhali harshenta ne ke magana ta ƙarƙashin Turancin.

Na tuna wata malama 'yar bautar ƙasa da ta koyar da mu a aji biyu na sakandare. Mace ce mai ƙoƙari. Ta tambayi wani ɗan rugar Fulani sunan mahaifinsa da Turanci. Yaron ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ta maimaita, ta ce ya dube ta cikin ido. Ya ƙara sunkuyawa. Ta ɗauka taurin kai ne, ta sa shi durƙuso a rana. Yaron ya san amsar sarai, kunya ce ta hana shi kiran sunan uba a bainar jama'a, kuma kallon babba ido cikin ido a wurinsa rashin tarbiyya ne. Babu wanda ya gaya mata wannan kafin a turo ta. A ajin nan kuma akwai mai rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", wato ya yi magana da harshen gida, a ci shi tara.

Wasu ƙasashen sun riga mu sa wa matsalar suna. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan yaran Sinawa kusan 1,800 a San Francisco, ta ce ba su littafi da malami iri ɗaya da sauran yara ba adalci ba ne muddin ba sa jin harshen. A Hawaii masu bincike suka lura yaran asalin tsibirin sun fi karatu idan aka bar su su haɗa baki wajen ba da labari kamar yadda suke yi a gida. A 1995 wata malamar jami'a a Amurka, Gloria Ladson-Billings, ta fitar da ra'ayin koyarwa mai la'akari da al'adar ɗalibi, ya shiga manhajar horar da malamai a can.

Mu ma muna da namu gwajin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara shiri a Ile-Ife: a koyar da komai da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a ba wa malamai na musamman da aka horar don shi. Yaran ba su gaza a Turanci ba. Mutane sun riƙe ɓangaren harshen uwa, suka manta da ɓangaren malamin. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda ta amince cewa yaron ruga yana buƙatar darasi da jadawali da suka san rayuwarsa, amma darasin bai bazu zuwa sauran makarantu ba.

Yanzu da aka koma Turanci zalla, nauyin ya ƙaru a kan malamin aji ɗaya. Ɗan shekara shida daga Tudun Wadar Kaduna ko Sabon Garin Kano zai shiga aji da yaran Gbagyi da Ibo da Nupawa da Fulani, kuma duk lissafi da kimiyyar da zai koya za su bi ta bakin mutum ɗaya mai takardar shaidar malanta ta NCE.