Yawon baje kolin kayan Fir'auna Tutankhamun

Baje kolin kayan Tutankhamun shi ne jerin nune-nunen da Masar ta riƙa yarda a yi a ƙasashen waje daga 1961 zuwa 2020, inda ake ɗebo kaɗan daga cikin kayan da aka samu a kabarin wannan sarki a kai su gidajen tarihi na Amurka da Turai da Japan da Ostiraliya, mutane su yanki tikiti su kalla, in an gama a mayar da su Alƙahira. Aro ne dai, kayan na Masar ne, kuma kusan duk fitar da suka yi akwai abin da Masar ke nema a bayanta, ko kuɗi ko ƙawance.

Sarkin da kabarinsa

Tutankhamun ya hau gadon sarauta yana yaro ɗan shekara 8 ko 9, wajajen 1332 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu bai cika 20 ba. A cikin fir'aunonin Masar ba wani babba ba ne, bai ci ƙasashe ba, bai bar manyan gine-gine irin na Ramses na biyu ba. Abin da ya fito da sunansa kawai shi ne ɓarayin kabari ba su wawushe nasa ba kamar yadda suka yi wa sauran, sun dai shiga a zamanin da amma ba su yi ɓarna mai yawa ba. Ranar 4 ga Nuwamba 1922 ma'aikatan Howard Carter, wani Bature ɗan Ingila da Lord Carnarvon ke ɗaukar nauyin aikinsa, suka ci karo da matakalar kabarin a Kwarin Sarakuna kusa da Luxor. Kaya sama da 5,000 aka samu a ciki, sai da aka ɗauki kusan shekara 10 ana kwasa ana rubutawa, aka kai mafi yawansu gidan tarihi na dandalin Tahrir da ke Alƙahira.

Yadda yawon ya fara

Ruwa ne sanadi. Da Masar ta tashi gina babbar madatsar Aswan a kan kogin Nilu sai ya zama tsofaffin wuraren bauta na yankin Nuba, har da Abu Simbel, za su nutse, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shiga neman gudummawar duniya don a ɗauke su a mayar kan tudu, to a nan ne aka ga ai babu abin da zai jawo hankalin mutane kamar zinaren yaron nan. A 1961 aka tura ƴan ƙananan kaya Amurka, daga baya Kanada da Japan, sai Paris a 1967 inda sama da mutum miliyan 1 suka je kallo.

Wanda ya fi yin tashe a Ingila shi ne na 1972 a British Museum da ke Landan, cikar shekara 50 da gano kabarin, shi ya sa aka kawo kaya guda 50 cif. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi. Wajen mutum miliyan 1.7 suka shiga, wasu sai sun yi awa takwas a layi, kuma ribar ta tafi ne wajen ceto wuraren bautar tsibirin Philae da ke kusa da Aswan. Daga nan kayan suka wuce Tarayyar Sobiyet, Mosko da Leningrad da Kiev. Amurka ma ba ta yarda an bar ta a baya ba, lokacin shugaban Masar Anwar Sadat yana juya baya ga Sobiyet yana matsowa kusa da Washington, aka ƙulla maganar da shi da shugaban Amurka Nixon a 1974, kayan suka yi yawo daga 1976 zuwa 1979 a Washington da Chicago da New Orleans da Los Angeles da Seattle da New York da San Francisco, sama da mutum miliyan 8 suka gani. Masu harkar gidan tarihi da yawa suna ganin daga wannan lokacin ne aka koyi irin baje kolin nan na cinkoso, mai tikitin da aka rubuta wa lokaci da shagon tsaraba a bakin ƙofa.

Sai kuma aka samu matsala. A wannan dogon yawo da ya ƙare a Jamus ta Yamma a 1981 wani gunki na Selket, ɗaya daga cikin allolin Masar ta da, ya samu lahani, Masar ta rufe ƙofa, kayan suka zauna gida sama da shekara 20. Sai 2004 suka sake fita zuwa Basel a Suwizalan, a 2005 kuma aka fara sabon zagaye daga Los Angeles lokacin Zahi Hawass na shugabantar hukumar kayan tarihi, wannan karon ba a ɓoye ba, kuɗi ake nema don kula da kayan tarihi da gina sabon gidan ajiya. Ya bi ta Landan a 2007 har Melbourne a 2011.

Abin da mai ziyara ke gani

Sa'ad da ake wannan yawo, masu ziyara kan shiga ne a lokacin da tikitinsu ya nuna, a rukuni-rukuni, yawanci a fara nuna musu ɗan gajeren bidiyo sannan a buɗe ƙofa. Ɗakunan da duhu, da gangan ake yi, haske yana kan akwatunan gilas kaɗai, saboda yadi da katako masu shekara sama da 3,000 ba sa jure haske mai ƙarfi, ga shi kuma zinare ya fi ɗaukar ido a cikin duhu. Ga mai son bayani kuma akwai na'urar da ake sa wa a kunne, sau da yawa da kuɗinta daban.

Zinaren kam akwai shi, amma wanda ya natsu zai ga ƙananan kayan sun fi ba da labari. Akwai ƴan gumakan nan da ake kira shabti, sama da 400 aka samu a kabarin, wai su ne bayin da za su yi wa sarki noma da aiki a lahira bisa imanin mutanen wancan zamani. Akwai sanduna, wajen 130 aka tarar, abin da ya sa wasu masana ke ganin yaron yana da matsalar ƙafa. Akwai safar hannu ta lilin, da baka da kibau, da ƙahon azurfa mai kama da ƙaramin kakaki wanda aka taɓa busawa a rediyon BBC a 1939 duniya ta ji. Sai ƙaramin akwatin gawa na zinare, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, guda huɗu ne irinsa da aka zuba kayan cikin sarkin bayan an yi wa gawar magani, kuma wannan akwatin shi ya jawo rigima a 2005, don an sa hoton fuskarsa a talla mutane suka ɗauka shahararriyar fuskar zinaren nan ce da aka rufe fuskar gawar sarkin da ita, suka biya kuɗi suka shiga ba su gan ta ba.

Ita wannan fuskar, mai nauyin kilo 10 da ɗoriya, rabonta da barin Masar tun yawon da ya ƙare a 1981. Haka akwatin gawa na ciki, zinare zalla mai kilo 110, ba ya cikin kayan yawo, gawar kanta kuma tana can cikin kabarinta a Luxor. Don haka in ka ga talla an ce an kawo fuskar Tutankhamun wani gari a waje to kwaikwayo ne. Akwai ma baje koli guda da ya fara daga Zurich a 2008 wanda gaba ɗayansa kwafi ne, kuma ba su ɓoye ba, sun jera kayan yadda Carter ya same su a cunkushe, shi ma yana da amfaninsa in dai mutum ya san abin da ya biya wa kuɗi.

Zagayen ƙarshe

A 2018 aka fito da kaya 150, kusan 60 daga ciki ba su taɓa barin Masar ba, har da ɗaya daga cikin baƙaƙen gumakan nan biyu masu tsawon mutum da aka samu suna gadin ƙofar ɗakin gawa. An ce daga wannan ba za su ƙara fita ba. Sun fara da Los Angeles, suka je Paris a 2019 inda mutum miliyan 1.4 suka kalla, adadin da ba a taɓa samu ba a wani baje koli a Faransa, sai Landan inda aka yi ta ƙorafin tsadar tikiti, ana cikin haka korona ta zo a Maris 2020 aka rufe, sauran garuruwan da aka tsara ba su samu ba, aka mayar da kaya gida.

A cikin Masar kanta ba kowa ke son wannan yawo ba, akwai masu cewa duk inshorar da za a biya ba za ta dawo da abin da ya fashe a hanya ba, kuma gaskiya suna da hujja in aka tuna da Selket. Gwamnati dai ba ta daina ba, ta canza sarki ne kawai, tun 2021 kayan Ramses na biyu ke zagaye, Houston da San Francisco da Paris da Sydney da sauransu. Na Tutankhamun kuwa an tattara su a sabon Babban Gidan Tarihin Masar da ke kusa da dalar Giza, wanda aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025, kuma a nan ne karon farko da aka jera kayan kabarin gaba ɗaya a wuri guda.