Waiwaye: Yadda Kalifoniya ta fara ƙwace ikon gini daga hannun birane

A Najeriya, tun dokar filaye ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna. A Amurka ba haka abin yake ba. Majalisar kowane birni ce ke tsara abin da za a gina a kowace unguwa, kuma a kan wannan ikon ne ake ta kai ruwa rana a jihar Kalifoniya.

Tushen maganar yana da nisa. A 1916 birnin Berkeley da ke Kalifoniya ya ware unguwar Elmwood, ya ce kowane fuloti gida ɗaya na iyali ɗaya kawai za a gina. A 1926 Kotun Ƙoli ta halasta wa birane irin wannan tsari, a shari'ar ƙauyen Euclid. Daga nan ya bazu, har ya zama a mafi yawan filayen zama na jihar haramun ne ka gina bene mai ɗakunan haya. Ba sai an ce talaka kada ya shigo ba, farashi ne zai kore shi.

Jihar ta farga da wuri. A 1969 ta yi doka cewa dole kowane birni ya rubuta tsarin da ke nuna inda zai samar wa jama'a gidaje, har da masu ƙaramin ƙarfi. A 1982 aka ƙara wata da ta hana birane ƙin amincewa da gini ba tare da hujja ba. Amma dokokin ba su da haƙori. Birni zai rubuta tsari, ya nuna filin da ya san ba wanda zai iya ginawa a kai, a rufe fayil. Sannan ga ƙuri'ar raba gardama ta 1978 da ta daƙile harajin gidaje, wadda ta sa birane suka fi son kantuna masu kawo kuɗin shiga a kan sababbin mazauna masu buƙatar makaranta da ruwa. Dokar kare muhalli ta 1970, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu yana gwamna, ita ma ta zama sandar da maƙwabta ke ɗauka su maka magini a kotu.

Sai da kuɗin haya ya fi ƙarfin har malaman makaranta da ma'aikatan jinya, tantunan marasa gida suka cika bakin titi a Los Angeles da San Francisco, sannan aka tashi tsaye. A 2017 Sanata Scott Wiener ya kawo dokar SB 35: birnin da ya gaza cika kason gidajen da aka ɗora masa, dole ya ba da izini kai tsaye ga ginin da ya cika sharuɗɗa, babu zaman jin ƙorafi. Yunƙurin Wiener na halasta benaye kusa da tashoshin jirgin ƙasa ya sha ƙasa a 2018, ya sake shan ƙasa a 2020. A 2021 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a SB 9, wadda ta ba mai gida damar raba fulotinsa biyu, ya yi gidaje har huɗu.

Biranen masu kuɗi ba su zauna haka ba. A farkon 2022 garin Woodside ya sanar cewa dokar ba za ta yi aiki a cikinsa ba, wai duk garin mazaunin zakunan dutse ne da ake karewa. Babban lauyan jihar, Rob Bonta, ya aika musu gargaɗi, cikin 'yan kwanaki suka janye. A shekarar dai Santa Monica ta ɗanɗana kuɗarta: tsarinta bai samu amincewar jiha ba, sai magina suka tono wani sashen doka na 1990 da aka manta da shi, wanda ya ce a irin wannan hali dokar unguwa ba ta ɗaure su muddin sun ware wani kaso ga masu ƙaramin ƙarfi. Nan take suka shigar da takardun gidaje fiye da 4,000. Huntington Beach kuwa sau biyu jihar tana kai ta kotu, a 2019 da 2023.

Masu adawa suna da hujjarsu: mutanen unguwa ne suka san hanyarsu da magudanarsu, kuma sabon gini ba lallai ya zama mai araha ba. Ta biyun tana da nauyi. Ta farkon kuwa, shekara hamsin aka bar musu wuƙa da nama, ga inda aka kwana.

Sakamakon bai kai yadda aka zata ba. SB 9 gidaje kaɗan ta haifar, saboda tsadar gini da kuɗin ruwa na banki. Abin da ya fi tafiya shi ne ƙaramin gidan bayan gida, irin boskwata, wanda aka sassauta dokarsa tun 2016. A 2025 an cire yawancin gine-ginen cikin gari daga dokar muhalli, kuma Newsom ya sa hannu a SB 79, wadda ta halasta benaye kusa da manyan tashoshi. Jihar ta ce tana buƙatar a tsara gidaje miliyan 2.5 kafin 2030, alhali abin da ake ba izini a shekara bai wuce dubu ɗari da 'yan kai ba.